Musayar Waƙa: Wanda Ya Juyo Daga Bakin Ƙofa

Alƙalamin Rimi:
Salamu alaikum. Daren 12 ga Yuni 1944, a Yaƙin Duniya na Biyu, wani jirgin bam ƙirar Lancaster na runduna ta 419 ta Kanada ya tashi daga Ingila da mutum 7, za su ragargaza tashar jiragen ƙasa ta Cambrai a Faransa. Jirgin Jamus ya harbe shi, wuta ta kama. Ga tawa a kan Andrew Mynarski, ɗan birnin Winnipeg na Kanada, maharbin da ke bisa gadon bayan jirgin, da abokin aikinsa Pat Brophy, maharbin da ke jelar jirgin. Amsa-amo "ba" ne, mai iyawa ya kama.

Ƙofa a buɗe, laima a baya,
Ɗan Winnipeg bai fice ba.
Matuƙi ya ce kowa ya dira,
Ya ji sarai, amma bai bi ba.
Ya waiga, ga Brophy can a jela,
Akurkin bindigarsa bai buɗu ba.
Ya rarrafa ta cikin mai yana ci,
Bai tsaya duba rigarsa ba.
Ya sara da gatari, ya ja da hannu,
Ƙarfe ya ce shi bai ji ba.

Uwar Marayu:
Malam, baiti ya yi zaƙi, amma ni da sauran magana.

Ka yabi mutum, ka rufe buhunsa,
Ba ka faɗi kayan da ya ɗauko ba.
Bam ne maƙare a cikin jirgin,
Ba goron ɗaurin aure ba.
Akwai gidaje a gefen tasha,
Bam bai san ɗan goye ba.
Hamburg ta Jamus ta ƙone a 1943,
Ba ka yi wa matanta baiti ba.

Tsohon Kurtu:
'Yata, ki bari tsoho ya sa baki. Mahaifina ya je Bama a wannan yaƙin, har ya rasu ba ya son a tayar da zancen. Cikin kusan mutum 125,000 da suka hau jiragen bam na rundunar Birtaniya, 55,573 ba su dawo ba. Kwana 6 kafin wannan dare ne sojojin ƙawance suka sauka a gaɓar Nomandi ta Faransa. "Ba" ta gagare ni, da "wa" zan shiga, Malam ya yafe.

Kwana 6 da saukar Nomandi,
Jamus na turo mazan gwabzawa.
Ta dogo suke bi, shi aka nufa,
A datse hanya kafin isowa.
Ban ce hannunsu fari ne tas ba,
Tabon yaƙi ba ya wankuwa.
Amma kurtu mai shekara 27,
Ba shi ke zaɓen garin ƙonawa.

Alƙalamin Rimi:
Na yafe, Baba. Hajiya, na karɓi gyara, bam ba ya cikin abin da na yaba. Ki bar ni dai in kai shi ƙasa.

Brophy ya yi masa hannu ya tafi,
Ya ga ƙarfen nan ba zai saki ba.
Ya koma ƙofa, wuta har ƙugu,
Ko a nan bai yi gaggawa ba.
Ya juyo, ya ƙame, ya sara masa,
Bai tafi babu sallama ba.
Laima na ci yana saukowa,
Faransawa sun tsince shi, bai jima ba.
Méharicourt ta Faransa ta riƙe gawar,
Winnipeg ba ta sake ganinsa ba.

Uwar Marayu:
Wanda aka bari a akurkin fa? Kada ku ce mini shi ma.

Tsohon Kurtu:
Nan ne abin ya fi ƙarfin baki, 'yata.

Jirgi ya daki ƙasa ya tarwatse,
Akurki ya tofo shi da rayuwa.
Mai laima ya riga shi kabari,
Na cikin keji shi ke dawowa.
Da bakinsa ya ba da labarin,
A 1946 aka yi sakawa:
Victoria Cross, babbar lamba,
Mai ita kuwa ba ya ratayawa.

Na ga hoton wani Lancaster a Hamilton ta Kanada, an shafa masa lambar jirginsu, KB726, har yanzu yana tashi.

Uwar Marayu:
To, Baba, na sauko taki ɗaya, ɗaya tak.

Na ba shi baiti don rarrafen nan,
Ba don abin da jirgi ya ɗauko ba.
Da ɗana ne a cikin akurkin,
Ba zan so wani ya wuce shi ba.
Amma Malam, ina binka bashi,
Mutan Cambrai ba su sami nasu ba.

Alƙalamin Rimi:
Na ci bashin, Hajiya. Ki ba ni zuwa Juma'a, kuma ke za ki zaɓi amsa-amo.