Neman shawara: In sayi tsohuwar Golf 4 in yi mata kwaskwarima, ko in haƙura?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san mota. A Zariya nake aiki, iyayena kuma suna Kaduna, kusan duk ƙarshen mako ina hanya, kuɗin mota da zaman tasha sun ishe ni. Wani dillali ya nuna mini Golf 4 ƙirar 2001, injin 1.6, manuwal, mai ƙofa huɗu, wadda aka jima ana hawa a nan gida. Fentinta ya koɗe, ƙyallen rufin ciki ya saki yana taɓa kai, gilashin gefen direba ba ya hawa sai an kama masa da hannu. Amma inji na tashi bugu ɗaya, AC ma tana ɗan sanyi. Abin da na tara zai saye ta har ya yi saura kamar kashi ɗaya cikin huɗu.

Niyyata da sauran kuɗin in sa mata rim mai inci 18, a sauke ta ta ɗan kwanta, a sa tinti, salansa mai ƙara da manyan sifiku a but. Daga baya kuma ina tunanin mayar da ita gas saboda tsadar fetur. Tun ina yaro nake son Golf, ba na ɓoyewa. Don Allah ku gaya mini gaskiya, amfaninta da illarta.

Makanike, Ƙofar Ruwa:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, motar nan ta haura shekara 20, kuma wannan kashi ɗaya cikin huɗun da kake lissafi ba na ado ba ne, nata ne. Ita za ta karɓe shi ko ka so ko ka ƙi.

Tun kafin ka biya, ka ce wa dillalin kana son ganin ta da sassafe kafin kowa ya tayar da ita. Ka ɗora hannu a kan inji ka tabbatar da sanyi ne, domin injin da aka ɗumama yana ɓoye laifinsa. A tayar kana tsaye a baya kana kallon salansa. Hayaƙi shuɗi, tana cin baƙin mai. Fari mai kauri wanda bai daina ba bayan ta yi zafi, ka zargi gaskit. Ka buɗe murfin baƙin mai ka juya shi, in ka ga wani abu fari-fari mai kauri ya manne, sannan ruwan lagireto na raguwa, ka kama gabanka.

Sai maganar da na fi damuwa da ita. Yawancin Golf ɗin da suka daɗe a ƙasar nan an cire musu tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, an haɗa fanka kai tsaye tana juyawa daga an murɗa makulli. Wai don ƙasarmu da zafi. Wannan ɓarna ce. An yi injin ne ya yi aiki allurar zafi na tsaye a kan 90. In bai kai nan ba, ƙwaƙwalwar motar tana ɗauka har yanzu inji bai ɗumama ba, sai ta yi ta ƙara masa fetur. Shi ya sa za ka ji mutum na kukan Golf ɗinsa na shan mai, alhali shi ya sa aka cire abin da ke daidaita ta. Ka yi tafiyar minti goma sha biyar da ita ka kalli allurar. In ba ta kai tsakiya ba, ka san an taɓa wajen.

In ka saya, aikin farko taimin bel da famfon ruwa, a canza su tare, domin bel ɗin ne ke juya famfon, kuma famfon Golf 4 da yawa fukafukansa na roba ne, yakan tsage. Kada ka yarda da "ai kwanan nan aka canza". In bel ya tsinke kana gudu, bawul ya haɗu da fistin, sai an sauke kan inji. Bayan shi baƙin mai, fulogi, birki, bushin ƙafa da shokozoba. Gilashin da ba ya hawa ciwon Golf 4 ne sananne, 'yan robobin da ke riƙe shi ne ke karyewa, gyaransa ba wuya. In ka gama waɗannan ka ga abin da ya rage a aljihu, sai mu yi maganar rim.

Direban haya, layin Kano zuwa Katsina:
Oga ya faɗi gaskiya. Ni dai in don hanya ne da sauƙin gyara, Golf 3 na fi sani. Ba garin da za ka tsaya a Arewa ka rasa mai gyara ta ko kayanta, saboda ita muke lodi da ita shekara da shekaru. Golf 4 ta fi ta daɗin zama, ta fi ta shiru, jikinta ma ba ya tsatsa kamar na 3, amma ta fi yawan waya da sensa. In ta kunna maka fitila a daji, sai mai kwamfuta. Abu ɗaya da ka yi dace, manuwal ce. Da otomatik ce da na ce ka bar ta, giyabos ɗinta in ya tsufa ba ya jin magani.

Amma maganar sauke ta ƙasa, Malam, ka bari. Mu da muke kwana a hanya ɗaga motocinmu muke yi.

Makanike, Ƙofar Ruwa:
Ƙwarai. Ka sunkuya ka leƙa ƙarƙashin Golf 4 ka gani da idonka. Kaskon baƙin mai yana ƙasa sosai, kuma yawanci na alminiyom ne, ba ya lotsewa, tsagewa yake. Ko ba a sauke ta ba, ana kawo mana masu fasasshen kasko daga tudun rage gudu ko dutse a hanyar unguwa. Mai ya tsiyaye, direba bai lura da jar fitila ba, inji ya kama. Kuma saukewar da ake yi a nan, yanke sifirin ake yi, ba a sayo wanda aka ƙera don hakan ba. Sifirin da aka yanke yana iya fita daga mazauninsa, yana kashe shokozoba, taya na cinyewa ta gefe ɗaya.

Mai faci, Kawo:
Ni taya zan yi magana a kai. Tayar da Golf 4 ta saba zuwa da ita 195/65 R15 ce. Tsayin gefenta daga rim zuwa ƙasa kusan milimita 127. In ka koma rim 18, tayar da za ta shiga 225/40 ce, gefenta milimita 90 kacal. Wannan naman da ya ragu shi ne ke shanye dukan rami. In babu shi, rim ne zai sha, ya lanƙwashe ko ya tsage, taya ta yi ƙulli. Ga ta da tsada, ga wuyar samu in ta fashe maka a Jaji da dare. Faɗinta da nauyinta kuma suna ƙara shan mai.

Kowace za ka saya, ka duba lamba huɗun da ke gefenta bayan rubutun DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2318, an yi ta mako na 23 a 2018. Tayar Beljiyam da yawa zanenta na nan ras amma robar ta bushe, kuma zafin kwaltarmu a watan Afrilu ba ya raga mata.

Mai Golf 3, Barnawa:
Jama'a, kada a kashe wa bawan Allah gwiwa. Mutum ya ce yana son motar tun yana yaro, wannan ma dalili ne. Golf ɗin nan tun GTI ta farko a 1976 matasa ke yi mata gyare-gyare a duniya, kuma akwai daɗi ka ga mota ta koma yadda kake so da guminka. Ni tawa na sa mata rim 15 mai kyau, na sake kujeru, na sa rediyo mai haɗuwa da waya, na yi mata fenti kalar da ta zo da ita. Duk inda na ajiye ta sai an tambaye ni ko ta sayarwa ce. Ƙaramar mota ce, tana shiga lungu, ajiye ta ba wahala, in ka kwantar da kujerun baya tana ɗaukar buhuna. Kuma a kanta na koyi canza fulogi da birki da hannuna.

Shawarata, ɗan'uwa, ka tsaya a rim 16, ka yi abin da za a iya kwancewa, kuma duk abin da ka cire na asali ka adana shi a gida. Sifiku kuwa ka nemi mai waya na ƙwarai, ya ja waya mai kauri daga batir ya sa fis kusa da shi. Motoci da yawa da ke kamawa da wuta, haɗin waya ne na ganganci.

Dillalin mota, Kano:
Alhaji mai Golf 3, ai kai gyara ka yi, shi kuwa abin da ya lissafa daban ne. Bari in faɗa masa ta fuskar kasuwa. Duk abin da ka zuba na ado ba ya dawowa ranar sayarwa, sau da yawa ma rage mata daraja yake. Mai saye in ya ga mota a kwance da salansa mai ƙara, abin da ke zuwa masa a rai shi ne yaro ya gama wasa da ita. Wadda ke tafiya da wuri ita ce wadda aka bari yadda kamfani ya yi ta. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma tsohuwar mota arharta a ranar saye kawai take.

Sannan takardu. Ka gwada lambar shasi da ke jikin mota da ta takarda harafi bayan harafi, haka lambar inji. Ka nemi takardar kwastam, ka nemi shaidar sauyin mallaka daga wanda sunansa ke kan takardun. Tun Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, don haka duk wadda aka ce maka 'yar Kwatano ce sabuwar shigowa, ka ƙara buɗe ido. Inshorar dole ma tun Janairun 2023 ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, ka yi ta gaske. Tinti kuma akwai doka a kansa tun 1991, sai da izinin 'yan sanda. Kai da ke bin hanyar Zariya zuwa Kaduna kowane mako, ka lissafa shingaye nawa za ka tsaya kana bayani. In ka canza launi ko inji, sai ka je an gyara a takarda.

Wata 'yar'uwa:
Ni tambayata ga Malam mai tambaya, wa zai riƙa shiga motar? Ka ce wajen iyaye kake zuwa. In Hajiya za ta je asibiti ko biki, kai za a kira. Dattijuwa mai ciwon gwiwa ba za ta ji daɗin shiga motar da ta kwanta ba, ga ƙarar salansa a kunnenta har Kaduna, ga but cike da sifiku ba wurin jaka. Maƙwabta ma suna da haƙƙi in za ka tayar da ita da asuba. In kuɗi ya ragu, AC ta fi cancanta, da bel na kujerun baya. Kuma ka lura, in ka murɗa makulli kafin inji ya tashi, fitilar ABS da ta jakar iska su kunna sannan su mutu. In ba su kunna sam ba, mai yiwuwa an cire ƙwan ne don a ɓoye matsala.

Injiniya, Abuja:
Zan taɓa maganar gas. Tun da aka cire tallafin fetur a 29 ga Mayun 2023 mutane suka karkata ga CNG, wato iskar gas da ake matsawa a tukunya, gwamnati ma ta kafa shiri na musamman a kansa, kuma gaskiya ya fi fetur araha ga mai yawan tafiya. Amma ka auna abu uku. But ɗin Golf 4 lita 330 ne, tukunyar gas za ta cinye mafi yawansa, to ita da sifiku ba za su zauna wuri ɗaya ba. Tukunyar ƙarfe ce mai nauyi, tana danne bayan mota, ka ga ita da saukewa ma ba sa haɗuwa. Sannan ka fara tabbatar da akwai gidan gas a hanyar da kake bi, ka je ka ga layinsa da idonka.

Gas ana matsa shi ne da ƙarfin kusan 200 a ma'aunin matsin iska na "bar", ba abin wasa ba ne. A Oktoban 2024 wata mota ta fashe a gidan gas a birnin Benin na jihar Edo, mutane suka jikkata, kuma tukunyar da aka haɗa da walda ce aka sa mata. Sai cibiyar da aka amince da ita, da tukunya mai shaida. Kuma injin da fulogi da koyil ɗinsa suka gaji zai fi nuna laifi a kan gas, ƙarfi ma yana ɗan raguwa. Ka hau ta da fetur wata shida tukuna, ka san lafiyarta.

Makanike, Ƙofar Ruwa:
Na tuna wani abu. Ka sa a duba salansa a ga ko abin da muke kira indomi, wato matatar hayaƙi, yana nan. Ana cire shi a sayar saboda yana da kuɗi, a mayar da bututu fayau. Motar za ta yi tafiya, amma hayaƙinta zai yi wari. In babu shi, ka rage a ciniki.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Saukewa da salansa na janye su, maganar Hajiya ta shige ni. Rim 16 dai raina na nan a kai, amma sai bayan taimin bel da birki. Na kira dillalin, ya yarda in zo ranar Asabar da sassafe da makanikena, sai dai ya ce takardar kwastam tana hannun mai motar na farko, zai nemo. Oga dillali, in bai kawo ba fa, amma sauran takardun sun cika?

Dillalin mota, Kano:
Kada ka ba da ko kafin alƙalami sai ka riƙe ta a hannunka. In ya kawo, ka kai ofishin kwastam a duba lambarta a tabbatar ta motar ce. In ya fara cewa gobe, jibi, ka yi mini magana, Golf 4 manuwal ba ta yi wuya a kasuwa ba, za mu nemo wata.