Karnuka sun hana mu sakat a bakin Gulbi, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a gefen Maradi wajen Gulbi, ina da 'yan awaki a bayan gida. Tun da aka cire amfanin gona wasu karnuka marasa ubangida suka tare a wani kwazazzabo kusa da juji, har sun haihu a can. Da rana ba ka ganinsu, sai asuba su fito garke guda, wani ja mai yankakken kunne yana gaba.

Shekaranjiya suka tsallake shingen ƙaya suka farke cikin ɗan akuyata, na tarar da uwar tana ta kuka a kansa. Asarar ba ita ce ta fi damuna ba, yara ne masu fita makarantar allo da duhu-duhu. Kowa ya san ciwon haukan kare, in alamunsa suka bayyana mutum ba ya tashi. Na gargaɗe su, in an ciji wani a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a garzaya asibiti don allura.

Mun ƙara ƙaya, mun yi jifa, sun dawo. Maƙwabcina ya ce a sa guba a nama, na ƙi, don kaji da ungulaye za su ci, yaro ma yana iya ɗauka.

Don Allah wanda ya taɓa fama da irin wannan, yaya kuka yi? Wajen likitocin dabbobi ake fara zuwa ko wajen mai unguwa?