Hazo a cikin gilashin kyamara a dajin Dzanga-Sangha: yaya zan busar da silika?

Assalamu alaikum. Ina Bayanga, bakin kogin Sangha a kudu maso yammacin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ina ɗaukar hoton giwayen daji a Dzanga Bai, wani fili a cikin dajin Dzanga-Sangha inda giwaye ke taruwa. Kullum da asuba gilashin kyamarata mai dogon zango, 100-400mm, yana yin hazo daga ciki, don haka gogewa ba ta da amfani. Ba ya washewa sai rana ta take, lokacin hasken safe ya riga ya wuce.

Ina kwantar da kyamarar a akwatin roba mai rufewa ruf, tare da giram 200 na ƙwayoyin silika, wato masu tsotse danshi, masu launin ruwan lemo. Da farko sun yi aiki, amma yanzu duk sun koma kore, wato sun cika da danshi. Na shanya su a rana, launin bai canza ba, iskar ma kanta jiƙe take. Na zuba rabi a kasko kan risho mai gas, wuta ta yi yawa, suka yi duhu, wasu suka farfashe. Na gwada zuba shinkafa a akwatin don ta tsotse danshin, amma ba ta tsinana komai ba sai ƙura. Kafin ta bushe, silika tana buƙatar zafi kusan digiri 120 na Celsius, ni kuma ba ni da tanda ko ma'aunin zafi.

Tsorona fumfuna, domin idan ta kama gilashin ciki tana cinye shafin da ke kansa.

Yaya zan busar da sauran silikar a kan gas ko gawayi ba tare da ta ƙone ba? Na gode.