Jama'a ya za mu kira irin wannan jirgin da Hausa?

Salam 'yan uwa. Ina rubuta dan tarihin wani jirgin Jamus, Henschel Hs 123, sai na makale a wuri daya. Turawa na ce wa irinsa ground attack aircraft, wato mai kai hari kan sojojin abokan gaba a fagen daga, mu kuma komai jirgin yaki ne, mai farautar jirage a sama jirgin yaki, mai zuba bam daga can kololuwa jirgin yaki, alhali aikinsu ba daya ba.

Bari in fadi yadda yake tukun. Ya fara tashi a 1935, fukafukai biyu gare shi sama da kasa irin na da, mutum daya ke tuka shi kuma kansa a waje ba rufi. Bindigogi biyu masu ruwan harsashi, sai bama-bamai hudu masu kilo 50 a karkashin fiffike. Asali an kera shi ne ya rika sulmiyowa daga sama kai tsaye ya saki bam ya tashi, sai wani jirgin Jamus, Junkers Ju 87 wato Stuka, ya zo ya kwace masa wannan aikin. A yakin basasar Sifen na 1936 zuwa 1939 aka gano inda ya fi amfani, ya yi kasa-kasa dab da kan sojoji yana musu ruwan wuta yayin da nasu sojan kasa ke matsowa. Karar injinsa kadai tana firgita mutane da dawakai. An daina kera shi tun 1938 amma wallahi tsohon nan bai yi ritaya ba, a yakin duniya na biyu ya yi Poland, ya yi Faransa, ya yi Rasha har 1944, saboda yana tashi a tabo da filin da sauran jirage ba sa iyawa.

To ni da farko na rubuta jirgin farmakin kasa. Wani yayana malamin makaranta ya karanta ya ce kai kanina wace kasar, Poland ko Faransa? Nan na ga matsalar, kasa doron kasa ce kuma kasa ta mutane ce, mai karatu zai rude. Na soke.

Wani ya kawo jirgin luguden wuta. Dadin fada kam akwai, gidajen rediyo ma suna yawan cewa luguden wuta, amma manyan jiragen da ke rusa birane daga nesa su ma lugude suke, bai raba komai ba.

Sai wata baiwar Allah ta ce tunda helikwafta mun ce masa mai saukar ungulu kuma kowa ya karba, me zai hana a ce mai surar shaho. Hajiya Allah ya kara basira, duk wanda ya taba ganin shaho ya suri dan tsako a tsakar gida ya gama fahimta ba sai an masa bayani ba. Sai dai fa ni a ganina wannan sunan na Stuka ne, wanda sulmiyowar ce sana'arsa, Jamusawa ma ai daga kalmar fadowa suka yanko sunan. Hs 123 ya bar sura ya koma rakiyar sojoji, shi ne wahalar.

Don haka na raba biyu. Mai sulmiyowa, jirgi mai surar shaho. Irin su Hs 123 da Breda Ba.65 na Italiya da Il-2 na Rasha da ya biyo baya, jirgin dafa wa sojan kasa, nan kasa ba ta da rudani tunda kowa ya san sojan kasa. Yayi tsawo na sani, yayana ya ce a takaita a ce jirgin dafawa, na ce a'a Yaya sai a dauka girki ake a ciki.

Super Tucano da Najeriya ta karbo a 2021 ma wannan layin yake, don haka sunan zai mana amfani a labarai. Wanda ya yi aikin sojan sama ko yake da dan uwa a bariki ya fada mana me suke ce masa a can, kafin in tura rubutun ranar Asabar.