Tsakanin sinadarai, ƙwayoyin halitta da injiniyancin lafiya: wace hanya ce ke kai mutum ga koyarwa a jami'a?

Ɗan Birni:

Assalamu alaikum, malamaina da yayyena. Na kammala lisans a fannin sinadarai, ina zaune a Damagaram, kuma burina shi ne in zama malamin jami'a mai bincike a kan amosanin jini. Abin da ke jan hankalina shi ne yadda sauyin sinadari guda a cikin hemogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini, yake lanƙwasa jar ƙwayar jini har ta toshe ƙananan hanyoyin jini, da kuma yadda za a ƙera na'urar gwaji mai rahusa wadda za ta yi aiki a asibitin ƙauye. Matsalar ita ce wannan aiki ya ratsa fanni uku, wato sinadarai da ilimin ƙwayoyin halitta da injiniyanci. Shin in sauya fanni a mastar, ko in zauna inda nake? Kuma wanda takardunsa suka fito daga fannoni dabam-dabam, yana samun gurbi da ƙarin matsayi a jami'o'inmu?

Malam na Zango:

Wa alaikumus salam, ɗana. Shawarata ita ce ka zauna a sinadarai har digirin dokta, kuma dalilina ya shafi yadda ake auna malamin jami'a a ƙasarmu. Ƙarin matsayinmu yana bi ta hannun CAMES, majalisar ilimi mai zurfi da aka kafa a 1968, mai mazauni a Wagadugu. Ita ce ke duba takardun mai neman zama maître-assistant, sannan maître de conférences, sannan cikakken farfesa, kuma ba mutum ɗaya ke dubawa ba, kwamitoci ne da aka raba bisa fanni. Lissafi da fiziks da sinadarai suna da kwamitinsu, kimiyyar halittu da aikin gona suna da nasu, injiniyanci yana da nasa, likitanci da haɗa magunguna ma haka. Duk wanda zai miƙa takardunsa, dole ya zaɓi ƙofa ɗaya ya shiga, kuma waɗanda zai tarar a ciki za su tambayi abin da ya ƙara wa fanninsu, ba abin da ya taɓa a fannin maƙwabta ba. Idan lisans ɗinka na sinadarai ne, mastar na halittu, dokta na injiniyanci, kowane sashe zai yaba maka, amma ranar ɗaukar malami kowanne zai ga cewa ka fi dacewa da ɗayan.

Wannan ba halin Afirka kaɗai ba ne. Robert Langer, wanda a yau yake cikin manyan injiniyoyin lafiya na duniya, ya gama dokta a injiniyancin sinadarai a jami'ar MIT ta Amurka a 1974, ya shiga ɗakin binciken likitan fiɗa Judah Folkman a Boston, kuma da ya tashi neman koyarwa, a sashen ilimin abinci da gina jiki ya fara samun gurbi. Idan a Amurka sai da aka sha wannan, ka auna namu.

Yaya Mai Bincike:

Malam, ina tare da ku a batun takarda, amma ku gafarce ni, ina ganin akwai haɗari idan ƙanenmu ya fahimci cewa zai bar ƙwayoyin halitta sai bayan dokta. Renon ƙwayoyin halitta a ɗakin gwaje-gwaje aikin hannu ne: yadda ake hana ƙwayoyin cuta shiga kwanon reno, yadda ake karanta abin da madubin likita ya nuna, da yadda ake gane cewa ƙwayoyin sun gaji tun kafin su mutu. Littafi ba ya koyar da wannan, kuma masanin sinadarai da bai taɓa yi ba yakan zata cewa ƙwaya mai rai za ta ba da amsa ɗaya kullum kamar ruwan gishiri a kwalba. Carolyn Bertozzi, wadda ta sami kyautar Nobel ta sinadarai a 2022 tare da Morten Meldal da Barry Sharpless, doktarta ta sinadarai ce, amma daga nan ta shiga ɗakin binciken garkuwar jiki a San Francisco, kuma a can ta fahimci irin sinadaran da za su iya haɗuwa a jikin ƙwaya mai rai ba tare da sun dame ta ba.

Ƙanena, wuraren koyon wannan suna kusa da mu. A Jami'ar Gana akwai WACCBIP, cibiyar nazarin ƙwayoyin halittar cututtuka masu yaɗuwa ta Afirka ta Yamma, wadda Farfesa Gordon Awandare ya assasa, tana ɗaukar ɗaliban mastar da dokta daga ƙasashen yankin. Akwai Cibiyar Pasteur ta Dakar, akwai kuma CERMES a Yamai, wadda ta daɗe tana aikin sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. Sai dai ka fara gyara Ingilishinka tun yanzu, domin mafi yawan mujallun da za ka karanta, da waɗanda za ka so maƙalarka ta fito a ciki, da shi ake rubuta su, haka ma takardun neman tallafin TWAS, makarantar kimiyya ta duniya mai tallafa wa masu bincike na ƙasashe masu tasowa.

Injiniyan Asibiti:

Ni ba malamin jami'a ba ne, gyaran na'urorin asibiti ne aikina, don haka zan tsaya a kan abin da na sani. Binciken da yake buƙatar firji mai sanyin 80 ƙasa da sifili dare da rana, da sinadaran da sai an yi odarsu daga Turai, yana da wuyar ɗorewa a garin da zafin bazara ke wuce 40, ƙurar hunturu ke shiga kowace kafa, wuta kuma takan ɗauke. Wanda ya koyi irin wannan aiki kaɗai a waje, in ya dawo sai ya tarar ba shi da inda zai ci gaba, ya koma koyarwa zalla, maƙalolinsa su tsaya.

Amma waɗannan matsaloli su kansu tambayoyin bincike ne. Allurar rigakafin sanƙarau ta MenAfriVac, da aka fara yi a Nijar da Mali da Burkina Faso a 2010, nasarar sinadarai ce: an ɗaure sukarin bawon ƙwayar sanƙarau nau'in A da furotin ɗin rigakafin sandarewar wuya (tetanus), domin sukarin shi kaɗai ba ya ba ƙananan yara kariya mai ɗorewa. A 2012 kuma aka amince a riƙe ta har kwana 4 a zafin da bai wuce 40 ba, ba tare da ƙanƙara ba. Duk wanda ya taɓa kai rigakafi ƙauyukan Tanut ko Gure ya san darajar wannan. Tambayarka ta amosanin jini irin wannan ce, domin gwajin da ke jure zafi, wanda ɗigon jini daga yatsa ya ishe shi, a nan ne za a iya tabbatar da ingancinsa.

Ɗan Birni:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, idan na zauna a sinadarai, wane reshe ne ya fi kusa da abin da nake so?

Malam na Zango:

Sinadaran halittu ko sinadaran awo da tantancewa, kuma tambayarka da kanta ta nuna dalili. A hemogulobin S, wato na mai amosanin jini, valin ne ya maye gurbin asid gulutamik, dukansu tubalan ginin furotin, a matsayi na 6 na sarƙar beta, ɗaya daga cikin sarƙoƙin da suka haɗa hemogulobin. Gulutamik yana ɗauke da cajin lantarki, valin ba ya ɗauke da shi, shi ya sa idan aka sa jini a filin lantarki hemogulobin S ke tafiya dabam da na lafiyayye. Linus Pauling da abokan aikinsa ne suka nuna haka a 1949, Vernon Ingram kuma ya gano ainihin sauyin bayan wasu shekaru. Rage wannan gwaji ya koma ƴar na'urar da ma'aikacin jinya zai riƙe a hannu aiki ne da kwamitin sinadarai zai gane a matsayin nasa.

Na kuma karɓi gyaran da ƴar uwarka ta yi, ga yadda za ka haɗa biyun. Ka nemi dokta mai jagora biyu, ɗaya masanin sinadarai a Jami'ar Abdou Moumouni ko wata jami'ar gida, ɗaya masanin ƙwayoyin halitta a waje, ka yi wasu watanni a ɗakin gwajinsa kowace shekara. Jinin marasa lafiya kuwa ba ka da ikon taɓa shi sai da likita a cikin aikin da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, don haka ka nemi abokin aiki likita tun kana mastar. Kafin a ɗauki samfurin farko, ku rubuta yarjejeniya a kan wanda sunansa zai zo farko a kowace maƙala, domin masu duba takardu suna kallon matsayin sunanka a jerin marubuta, kuma a aikin da ya haɗa mutane da yawa, ƙaramin ɗalibi ne sunansa ya fi saurin faɗawa tsakiya.