Laka ko siminti: wanne ya dace da Damagaram?

Injiniya Laminu: Maganar da ake yaɗawa cewa ginin laka ya fi na siminti ƙarko, ban yarda da ita ba. Damanar 2024 ta rusa tsohon masallacin unguwar Birni da aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ban da gidajen jama'a. Sanyi na yarda, ƙarko kuwa a'a.

Malam Isa magini: Injiniya, ginin da ya haura shekara 170 a tsaye ne maras ƙarko? Wuri biyu ruwa ke cin laka: kai da gindi. Indararo ya toshe, ruwa ya kwanta bisa soro, ya bi azara ya shiga bango. Ko a cika titi da ƙasa har ya fi ƙofar gida tudu, ruwa ya taru a gindi, bango ya jiƙe ya zauna. A yi tushe da dutse, ga shi Allah ya hore mana shi a garin nan, a ɗaga shi santimita 40 bisa ƙasa, a sabunta yaɓe kafin ruwan fari.

Hajiya Rabi: Malam, ka manta babbar ɓarnar, yaɓen siminti kan bangon laka. Laka tana shan danshi tana fitarwa, siminti kuwa rufe ta yake yi. Danshi ya rasa mafita, cikin bango ya ruɓe, ka ƙwanƙwasa ka ji yana ƙara kamar ganga, wata rana ɓawon ya zubo gaba ɗaya. Fentin mai ma haka yake yi a cikin ɗaki. Farar ƙasa ta fi, a waje kuma makuba, wato yaɓen da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa.

Injiniya Laminu: Wa zai hau soro duk shekara, Hajiya? Ma'aikaci mai haya? Kuma giginyar da za a fasa a yi azara tana shekaru da yawa kafin ta isa sara. A ce ginin laka yana kare muhalli alhali yana cinye giginya, ai da sauran magana.

Hajiya Rabi: Nan ka yi gaskiya. Amma bulo mai rami na santimita 15 da rufin kwano, a watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40, tanda ne. Sai fanka dare da rana, wuta ta ɗauke kowa ya fito tsakar gida da tabarma. Bangon laka mai kaurin santimita 40 yana riƙe zafin rana, ba ya sako shi ciki sai dare.

Malam Isa magini: Akwai tsaka-tsaki, bulon ƙasa na matsi. A tankaɗe jar ƙasa, a zuba siminti kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, ruwa kaɗan, yadda in ka dunƙula ba ya ɗiga. A matse a inji, a rufe da leda, ana yayyafi, ya yi mako huɗu. Wanda ya shanya shi a rana tun ranar farko, gefensa zai riƙa marmashewa. Da irinsa masu zanen gini Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili suka gina sabon masallacin Dandaji a jihar Tawa.

Injiniya Laminu: To ai ga simintin nan ya dawo ta taga, Malam. Rufin fa?

Malam Isa magini: Rufin ƙubba da bulo zalla, ba itace ko ɗaya. Sai dai yana tura bango waje, dole bangon ya yi kauri, kuma ba kowane magini ya iya ɗaure shi ba.