Wa ya taɓa kwashe kayansa daga babban dandalin bidiyo ya ga da kyau?

Malamin Lissafi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara 6 ke nan ina ɗora darussan lissafi a wani dandali, ba zan kama suna ba. A watan jiya na wayi gari an tsayar da kuɗin tallar tashata, wai an yi ƙorafin haƙƙin mallaka a kan wani ɗan sauti da ya shigo ta taga ina cikin ɗauka. Na ɗaukaka ƙara, na yi kwana 11 ina jira, amsar da ta zo kuma ko da gani na'ura ce ta rubuta. Daga baya an sakar mini kuɗin, amma har yau hankalina bai kwanta ba. Don Allah duk wanda ya taɓa gwada ƙaura ya faɗa mini abin da ya same shi, da daɗi ko ba daɗi.

Mai Gyaran Waya:
Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya kiyaye gaba. Ni na gwada. Kwashe bidiyo ba shi da wuya, dare biyu na yi na sauke su duka na ɗora a sabon wuri. Mutanen ne suka ƙi kwasuwa. Sau uku ina sanarwa, na liƙa adireshin a saman kowane bidiyo, amma cikin dubban mabiyana waɗanda suka biyo ni ba su cika ɗari uku ba. Na ji ciwo ƙwarai, har na riƙa ganin kamar butulci ne.

Sai da na zauna na duba shafin alƙaluman tsohuwar tashar sannan na gane. Yawancin masu kallona ba mabiyana ba ne tun asali. Mutum ne wayarsa ta ƙi caji, ya rubuta matsalar a wurin bincike, aka tura masa ni, ya gyara ya wuce, ko sunana bai riƙe ba. Dandalin ne yake kawo su, ni aro ake ba ni. A sabon wurin babu mai bincike, don haka babu mai zuwa. Wata biyar na daure, na dawo.

Hajiya Mai Ɗinki:
Malam, sannu da haƙuri. Abin da ɗan'uwa ya faɗa haka yake, amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai daban ne. Ina da wani bidiyo na yankan hannun riga. A ƙarƙashinsa wata baiwar Allah ta rubuto cewa idan yadin mai miƙewa ne a rage awon, wata ta ce ta gwada ya yi, wata ta tambayi allurar da ta dace aka ba ta amsa tun kafin in gani. Shekara uku ana ta ƙari a wurin, har ya zama sharhin ya fi bidiyon amfani. Da na ɗora shi a wani dandalin sai ya tafi shi kaɗai, ƙasansa fayau. Na daɗe ina kallon wurin nan da babu kowa. Ga kuma tsofaffin adireshin da ɗalibaina suka rarraba wa juna, duk tsohon gida suke nunawa.

Ɗan Haskawa Kai Tsaye:
Mu masu haska wasannin kwamfuta mun ga wannan da idonmu. A watan Agustan 2019 wani mai haska wasanni da ake kira Ninja ya bar dandalin haskawa kai tsaye na Twitch ya koma Mixer, irin wannan dandalin na kamfanin Microsoft, lokacin kuwa babu sunan da ya kai nasa a harkar. Da yawanmu muka ce to, ga hanya ta buɗe. A watan Yulin 2020 aka rufe Mixer ɗin. Idan mai kuɗi irin Microsoft da mai suna irin Ninja ba su iya janye jama'a ba, ina ga ni? Kafin nan ma dandalin gajerun bidiyo na Vine ya tafi a farkon 2017, wani dandalin bidiyo mai suna Vidme ya bi shi a ƙarshen shekarar. Shi ya sa yanzu kafin in zuba ƙarfina a sabon wuri nake tambayar kaina ko zai kai baɗi.

Injiniya:
Ni ta wata hanya na bi. Na kafa PeerTube a saba tawa, wato kwamfutar da ke ajiye bidiyon tana raba shi a intanet. Manhajar dandalin bidiyo ce kyauta da ƙungiyar Framasoft ta Faransa ta fitar a 2018, kowa zai iya kafa tasa, kuma tashoshin suna haɗuwa da juna. Ranar da na ga bidiyona yana tafiya a gidan da ni ke da makullinsa, wallahi na ji daɗi.

Sai dai a nan na san nauyin da ake ɗauke mana ba mu sani ba. Bidiyo guda sai an sarrafa shi zuwa girma daban-daban, don mai ƙarfin intanet da mai rauni kowa ya samu ya kalla, kuma kowane kwafi yana cin wuri. Rumbuna ya cika cikin 'yan watanni. Manhajar ba ta da laifi, aljihuna ne bai kai ba. Babu kuma mai talla da zai neme ka. Ku duba YouTube: idan ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12 za ka iya shiga rabon kuɗin talla, kuma kashi 55 cikin ɗari na dogayen bidiyo naka ne, ba ka biya ko sisi na ajiya ba. Ƙaramin dandali ta ina zai fara? Masu talla suna bin masu kallo, masu kallo suna bin masu ɗorawa, mu kuma muna bin kuɗin tallar.

Mai Tace Bidiyo:
Malam, ni shawarata kada ka tashi, amma kada ka kwana da ido biyu rufe. A watan Yunin 2020 Indiya ta haramta TikTok, mutanen da suka tara miliyoyin mabiya suka wayi gari ba su da hanyar ce musu ga inda muka koma. Tun daga lokacin duk wanda nake yi wa aiki nakan matsa masa ya buɗe rajistar imel inda masu kallo za su ba shi adireshinsu, ya kuma ajiye asalin bidiyonsa a faifai biyu. Ɗaya daga cikinsu an rufe masa tasha na mako biyu, saƙo ɗaya ya tura, mutanensa suka same shi. Wasu kuma Patreon suke haɗawa da shi, shafin da masu kallo ke biyan kuɗin tallafi kai tsaye, don ko talla ta tsaya wani abu yana shigowa.

Malamin Lissafi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Daren jiya na fara sauke bidiyoyina, na tarar guda 40 na farko ba ni da asalinsu ko'ina. Imel ɗin ne nake shakka, ɗalibai ne yawancin masu kallona, anya za su ba da adireshinsu?

Hajiya Mai Ɗinki:
Za su bayar Malam, in dai akwai abin da za su karɓa. Ni takardar awo nake tura wa duk wadda ta yi rajista. Kai ka haɗa tambayoyin gwaji da amsoshinsu, ka faɗa a farkon darasi, kada ka bari sai ƙarshe, don da yawa ba sa kaiwa can. Kuma kafin ka manta, ka kwafe sharhin da ke ƙarƙashin manyan darussanka ka adana.